Abin da sikelin 'yan gwangwan ba ya gani

Wata Asabar da hantsi na ɗora mataccen janaretona a baro, na sa aka tura mini shi zuwa wajen 'yan gwangwan da ke bayan unguwarmu. Fili ne da aka kewaye da tsofaffin kwanukan rufi. A tsakiya an rataye sikeli, gefe guda tulin robobi ya fi tsayin mutum, ɗaya gefen kuma ƙarafa ne birjik: gadon ƙarfe, ƙofar mota, bakin garma, kan fanka. Ina jira a zo kaina sai ga wani yaro da ba zai wuce shekara 14 ba, ya sauke buhu daga kafaɗa ya zazzage. Gwangwanayen lemo, murfin tukunya, guntayen waya, sai kuma kan keken ɗinki, baƙi mai zanen ruwan gwal, irin wanda iyayenmu mata suke lulluɓewa da zane don kada ƙura ta taɓa shi.

Maigidan wurin ya laluba aljihu ya ciro mayen ƙarfe, wanda da gani daga tsohuwar lasifika aka ɓalle shi, ya kara a jikin keken. Ya manne. "Ƙarfe ne," in ji shi. Ya ɗora a sikeli, ya ƙirga wa yaron kuɗinsa.

Na ce, "Alhaji, wannan fa in aka gyara ɗinki zai yi."

Ya ce, "Malam, ni kilo nake saye. Ɗinki kuma sai tela."

Bai rufe baki ba wani dattijo da ke zaune a benci bakin ƙofa ya taso. Ashe mai gyaran kekunan ɗinki ne, kullum a nan yake cin hantsinsa yana jiran irin wannan. Ya murza hannun keken, ya kasa kunne ya saurari ƙararsa, suka yi ciniki a tsaye, ya biya ninkin-ba-ninkin abin da aka ba yaron. Yaron kuwa tuni ya kai bakin titi da buhunsa wayam.

Tun daga ranar nake ganin duk abin da ya faɗa bola farashi uku gare shi: na nauyinsa, na amfaninsa, da na labarinsa. Sikeli na farkon kaɗai ya sani. Kuma yawancin rigimar da ake yi a kan 'yan jari bola, kama daga satar murfin kwalbati, zuwa cutar da ke cin yaran nan, zuwa tsofaffin kayan da ke ƙarewa a tukunyar narka, daga nan ta samo tushe. An gina sana'ar kacokan a kan farashin nauyi, nauyi kuwa ba ya tambayar daga ina kaya suka fito, ko me suka taɓa zama.

Ƙishin tsohon ƙarfe a Najeriya ba ya rasa nasaba da masana'antar ƙarfe ta Ajakuta. A 1979 aka ba wani kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilar gina masana'antar, da niyyar a riƙa narka tamar da za a haƙo daga Itakpe, amma har yau ba ta yi aikin da aka gina ta dominsa ba. Kamfanonin da ke yin rodi a cikin ƙasa, waɗanda da yawansu suke yankin Legas da Ogun, tsohon ƙarfe suke narkawa. Ke nan rodin da ke riƙe da ginshiƙin benen da ake ginawa yau, mai yiwuwa shekara 30 da suka wuce gadon wata amarya ne. Ma'adinin da ke ciyar da waɗannan kamfanoni a bola yake, masu haƙo shi kuma su ne yaran da muke kora daga ƙofar gida. Shi ya sa ma tsohon ƙarfe yana cikin jerin kayan da aka hana fitarwa daga ƙasar: ana so ya tsaya a gida don kada murhun kamfanonin ya mutu.

Kayan hawa-hawa suke bi. Mai buhu ko mai kura ya sayar wa ƙaramin dila na unguwa, shi ya tara ya kai wa babban dila, babban dila ya cika tirela ta nufi kudu. Sau da yawa ƙaramin dilan ne ke ba yaro kura da ɗan jarin da zai yi yawo da shi da safe, wani lokaci har da wurin kwana, da yamma kuma shi ne zai karɓi kayan a farashin da ya yanka. Wanda ya ba ka kura, ya ba ka jari, ya ba ka makwanci, ba ka da bakin yi masa gardamar sikeli.

Mayen ƙarfen nan na aljihu shi ne alƙalin farko. Abin da ya manne, baƙin ƙarfe ne, mafi arha. Abin da bai manne ba a nan kuɗin yake: alminiyon, tagulla, dalma, uwa uba jan ƙarfe. A kasuwar duniya a 2024 tan ɗaya na jan ƙarfe yana kewayen dala 9,000, na alminiyon kusan dala 2,400, shi kuwa tsohon baƙin ƙarfe yawanci ƙasa da dala 400. Wato kilo ɗaya na jan ƙarfe ya ɗara kilo 20 na baƙi. Alminiyon kuma ana rububinsa ne saboda sake narka shi ba ya cin fiye da kashi 5 cikin 100 na wutar da ake buƙata wajen tace sabo daga ma'adini. Da naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, duk ƙarfen da ake shigowa da shi ya yi tsada, tsohon da ke gida ma ya bi shi. Mai lura zai ga tun daga lokacin masu buhu sun ƙaru a layi, kuma wayar wuta ta fara ɓacewa daga kangaye.

Farashin amfani shi ne inda ƙasar Hausa ba ta da abin koyo a wurin kowa. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Katako a Yamai, ya san abin da nake nufi. Ganga ta zama ƙofar shago ko akwatin ƙarfe. Sifirin ɗin mota ya zama gatari da fartanya a hannun maƙerin baƙi, don ƙarfensa yana riƙe kaifi. Taya ta zama takalmi, guga, da igiyar ɗaure kaya. Gwangwanin madara ya zama fitilar aci-balbal. Tsohon injin mota da gwangwanayen lemo a narka su a zuba a cikin yashin da aka danna da siffar tukunya, bayan 'yan mintuna a fasa yashin tukunya ta fito, da lambarta a jiki. Su kuwa masu gyaran waya da rediyo, rabin shagonsu gawarwaki ne da ake cire wa sassa: wannan a ɗauki fuskarta, waccan a ɗauki bakin cajinta.

Turawa yanzu sun ba wannan suna, suna shirya masa taruka, suna cewa gyara da sake amfani sun fi narkawa. Gaskiya ne, kuma lissafin a fili yake. Keken ɗinkin nan in aka narka shi, abin da za a samu 'yan kiloli ne na ƙarfe. In aka gyara shi, an ceto aikin da aka yi wajen ƙera shi, an kuma samar wa wani tela abin yi na shekaru. Matsalar ita ce ceton yana dogara ne ga sa'a. Da dattijon nan bai zo ranar ba, ko da ya tafi salla, da guduma ta gama da keken kafin azahar, don tirela ba ta jira, kuma fasasshen ƙarfe ya fi cin wuri kaɗan a mota.

Farashi na uku, na labari, shi ne mafi wuyar sha'ani, kuma a nan ne muka fi yin asara ba tare da mun ji zafi ba. A 1983 kamfanin Atari na Amurka ya binne tulin kaset-kaset na wasan bidiyo da suka yi kwantai a jujin garin Alamogordo da ke jihar New Mexico. Shekara 31 bayan haka, a Afrilun 2014, aka tono wurin, aka fito da kimanin 1,300. Hukumar garin ta yi gwanjon kusan 900 daga ciki ta samu sama da dala 100,000. Robobi ne da suka sha ƙasa, yawanci ba sa ma aiki. Abin da aka saya shi ne labarin binnewar, tare da takardar shaida cewa daga wannan ramin suka fito. Da za a kawo su sikelin bayan unguwarmu, kuɗin roba za a biya.

Mu ma muna da irin waɗannan kaya, kasuwarsu ce ba mu da ita. Akwai kwabo mai huji da anini, kuɗin da aka ci kasuwa da su a zamanin Turawa, tun kafin naira da kwabonta su zo ranar 1 ga Janairun 1973. Aninin farko, na 1907, da alminiyon aka buga shi, kuma yana cikin kuɗaɗen alminiyon na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Akwai garmaho da faya-fayensa, da tsofaffin tasoshin tagulla na jere, da keken hawa na Raleigh, da agogon bango mai makulli, da allunan ƙarfe na tashoshin jirgin ƙasa. Takarda kuwa ta fi kowa shan wahala. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, amma gida nawa ne ke da ko kwafi ɗaya na shekarunta na farko? Tsohon malami ko tsohon ma'aikacin En'e zai rasu, magada su buɗe adakarsa, su ga wasiƙun ajami da rasiɗan haraji da hotuna, su ce tarkace ne. Ƙarshen wasu a hannun mai ƙosai. A gidanmu ma an yi: tasoshin kakata guda shida, waɗanda da su aka kai ta ɗaki, yara suka ba mai kura a musayar robobin wanka biyu. Babu wanda ya yi sata, babu wanda ya yi zamba. An auna, an biya. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Sai dai kada mai karatu ya tashi da zumuɗin cewa duk tsohon abu dukiya ne. Yawancin aninai an buga su miliyoyi, ba su da wata tsada. Kuɗin azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tariza, wanda fatake suka riƙa kawowa ta hamada, maƙeran fari suna narkawa suna yin zobba da awarwaro, in ka tsinci ɗaya za ka ga an rubuta 1780. Kada ka yi murna da wuri: duk wanda aka buga bayan rasuwarta wannan shekarar ake sa masa, har waɗanda aka buga a ƙarni na 20. Sannan ga 'yan damfara. A 2009 jita-jita ta mamaye Saudiyya cewa tsofaffin kekunan ɗinki na Singer suna ɗauke da wani sinadari wai shi jan makuri, mutane suka riƙa sayensu da dubban riyal, har aka riƙa fasa shagunan teloli. Sinadarin babu shi kwata-kwata. Irin wannan magana takan zagayo mu lokaci zuwa lokaci, yau a ce tsohon dutsen guga ne, gobe a ce agogon bango. Inda babu masana da za su faɗi haƙiƙanin darajar tsohon abu, mutane biyu ne ke cin kasuwar: mai sikeli da ɗan damfara.

To, shin na wane ne abin da ke bola? Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabewa. Abin da mai shi ya yar da niyyar rabuwa da shi, wanda ya ɗauka ya zama nasa. Abin da ya ɓace wa mai shi tsintuwa ce, in mai daraja ce sai an yi cigiyarta shekara guda. Abin da yake wurin da mai shi ya ajiye shi kuwa, ɗaukarsa sunanta sata, ko da ya yi tsatsa. A Birtaniya ma an je kotu a kan wannan. James Howells, wani ma'aikacin kwamfuta a garin Newport na yankin Wales, ya ce a 2013 aka zubar da ma'ajiyar bayanan kwamfutarsa da ke ɗauke da makullin kuɗin intanet na Bitcoin kusan 8,000, ta tafi jujin gari. Ya shafe shekaru yana roƙon a bar shi ya tona, hukumar garin ta ƙi. A Janairun 2025 kotu ta kori ƙararsa, ta ce abin da ya shiga jujin hukuma ya zama na hukuma. A can juji yana da mai shi, da katanga, da doka. A nan kuwa, babba juji ne aka ce, kowa ya zo da shara ya zuba, kowa ya zo da buhu ya ɗiba.

Sikeli ba ya rarrabe waɗannan ukun: abin da aka yar, da tsintuwa, da kayan sata. Kilo na wayar da aka tsinta da kilo na wayar da aka yanko daga taransifoma kuɗinsu ɗaya. Daga nan ɓarna ta shigo, kuma ba ƙarama ba ce: murafun kwalbati, ƙarafan gada, fitilun titi, famfon masallaci, kwangirin jirgin ƙasa, har allunan ƙarfe na maƙabarta. Wanda ya taɓa faɗawa buɗaɗɗen rami a titi da daddare, ko unguwarsu ta yi wata uku babu wuta saboda an kwashe jan ƙarfen taransifoma, ba za ka iya lallashinsa da zancen sake sarrafa shara ba, kuma yana da gaskiya. A Janairun 2025, bayan an kwashe murafun magudanai a manyan titunan Abuja, hukumar birnin ta hana 'yan baban bola yawo a cikin gari, ta ce su tsaya a jujin bayan gari, ta kuma rufe kasuwannin panteka na mako biyu. Ba kuma wannan ne karon farko da aka hana su a Abuja ba, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna inda hanin baya ya ƙare.

Ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Kwangiri ba ya shiga buhu. Kafin a raba shi da layin dogo sai da injin yanka, da mota, da wanda zai buɗe hanya a shingayen da ke tsakanin daji da kamfani. Murfin kwalbati kuma ba ya kama da sharar gida. Duk dilan da aka kawo wa ya san abin da ya saya, haka ma kamfanin da ya jefa shi a wuta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu buhu dubbai ne, ba su da rajista, yau suna nan gobe suna can. Manyan diloli da kamfanonin narka kuwa ƙidayayyu ne, suna da adireshi, suna da asusun banki. Ƙasashen da suka rage wannan sata ta nan suka kama. Dokar Ingila da Wales ta 2013 ta wajabta wa dilan tsohon ƙarfe lasisi, da duba shaidar mai kawo kaya, da rubuta kowane ciniki, ta kuma hana biya da tsabar kuɗi. Kenya ta gwada ɗaya hanyar: a Janairun 2022, bayan an lalata turakun manyan layukan wuta, Shugaba Uhuru Kenyatta ya haramta cinikin tsohon ƙarfe baki ɗaya. A watan Mayu aka janye hanin, aka koma ga lasisi. Hana tsabar kuɗi ba zai yi aiki a kan yaro ɗan shekara 14 da ba shi da asusu ba, na yarda. Amma babu abin da ya hana a ce duk tirelar da ta shiga kamfani sai da takardar wanda ya loda ta, kuma murfin kwalbati ɗaya a cikin lodi ya isa a rufe ƙofar kamfanin.

Akwai kuma wani abin da hanin jumla ke jawowa wanda mu ya fi shafa. A Legas da Fatakwal da Abuja, har Ankara ta Gana, yawancin masu wannan aiki 'yan arewa ne, da yawansu yaran da talauci ko rashin tsaro ya koro daga ƙauye. Da zarar hukuma ta ce masu buhu ne ɓarayi, a kunnen mutanen gari abin da aka ce shi ne duk ɗan arewa mai kura ɓarawo ne. Wanda ya fito neman gwangwani tsakani da Allah shi ne ke faɗawa hannun masu ɗaukar doka a hannu, don shi ne ke yawo da rana tsaka.

Lamarin Borno daban ne, kuma a can na fahimci dalilin hanin. A Mayun 2022 an kashe kimanin mutum 30 a yankin Dikwa, waɗanda suka shiga daji neman ƙarafan motocin da yaƙi ya ƙone. A Yulin 2023 Gwamna Babagana Zulum ya haramta sana'ar a jihar, saboda kashe-kashen da kuma yadda ake kwashe kayan gwamnati a garuruwan da mutane suka gudu suka bari. Mutumin da ke sansanin gudun hijira, ba gona ba jari, ya san dajin akwai 'yan bindiga, akwai nakiyoyi, amma ya shiga don kilo. Gaba kura, baya sayaki.

Ko inda babu yaƙi, jiki ne ke biyan abin da sikeli bai lissafa ba. Hanya mafi sauri ta raba jan ƙarfe da robar da ke jikin waya ita ce ƙonawa, sau da yawa da taya a matsayin makamashi. Baƙin hayaƙin nan shi ne ya yi wa Agbogbloshie, kasuwar 'yan gwangwan ta Ankara, suna a duniya, inda samarin arewacin Gana suka shafe shekaru suna shaƙarsa, kafin hukuma ta rushe wurin a Yulin 2021. Ƙonawar ba ta tsaya ba, warwatsuwa ta yi zuwa wasu unguwanni. Batirin mota ya fi wannan muni, don shi shiru yake kisa. Ana fasa shi da gatari, a zubar da ruwansa a ƙasa, a narka dalmar a buɗaɗɗen murhu, ƙurarta ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda gubar dalmar batir. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010, duk da cewa can daga haƙar zinariya ta fito, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Ita kanta tukunyar alminiyon da na yaba a baya tana da wannan tabo: in an haɗa da tarkacen da ke da dalma wajen narkawa, tana iya sakin gubar cikin abinci.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na garin Goiania a Brazil. A Satumban 1987 wasu mutum biyu suka shiga wani asibitin da aka ƙaurace wa, suka ɓalle wani ƙarfe mai nauyi daga na'urar gashin ciwon daji, suka sayar wa wani dila. Da dare dilan ya ga wani gari mai shuɗin haske yana walƙiya daga ciki. Ya kai gida, ya nuna wa iyali, ya rarraba wa 'yan uwa da abokai. Siziyam-137 ne, sinadari mai fitar da tururin nukiliya. Mutum huɗu suka mutu, ciki har da matar dilan da wata yarinya 'yar shekara 6. Sai da aka gwada mutum kusan 112,000, aka samu 249 da sinadarin ya taɓa, aka rushe gidaje. Kowa a cikin labarin abin da ya saba yi kullum ya yi: ya ga nauyi, ya auna, ya biya. Su kansu manyan juji sukan rufta. Na Koshe a Adis Ababa ya zabtare a Maris ɗin 2017 ya kashe sama da mutum 110, na Kiteezi a Kampala ya kashe sama da 30 a Agustan 2024, yawancinsu talakawan da ke zaune a gindinsa.

Duk da haka aikin ba zai tsaya ba, domin kayan ƙaruwa suke yi. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, kuma kashi 22 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace. A cikin tarkacen akwai zinariya ta gaske. Lambobin yabo kusan 5,000 na gasar Olamfik ta Tokyo 2020 duk daga tsofaffin wayoyi da na'urori aka tace ƙarfensu, ciki har da kilo 32 na zinariya. Amma fa sai da aka tara na'urori kusan tan 79,000. Zinariyar cikin waya ta mai babbar masana'anta ce. Yaron da ya tsinci wayar rabonsa kuɗin kilo na allon cikinta.

Wuraren da rayuwar masu tsintar ta ɗan gyaru ba su kore su ba, ba su kuma bar su kara zube ba. A birnin Pune na Indiya, masu tsintar shara, yawancinsu mata, sun kafa ƙungiya a 1993, daga baya ƙungiyar haɗin gwiwarsu mai suna SWaCH ta ƙulla yarjejeniya da hukumar birni a 2008. Suna bi gida-gida da katin shaida suna karɓar shara, masu gida suna biyansu, abin da suka ware kuma nasu ne su sayar. Brazil ta sa sana'ar cikin jerin sana'o'in da hukuma ta sani a 2002, dokarta ta shara ta 2010 kuma ta ba ƙungiyoyinsu fifiko. Abin lura a nan shi ne inda ake karɓar kayan: a ƙofar gida, kafin su cakuɗa da ruɓaɓɓen abinci da allurar asibiti. A ƙofar gida ne rediyo yake rediyo, littafi yake littafi. Da ya kwana uku a juji ruwa ya dake shi, farashinsa na biyu da na uku sun tafi, saura kilo. Mu ma ai muna da wannan tsari tun da can, mai kura da ke bin layi yana kiran a fito da tsohon ƙarfe da tsohon takalmi. Abin da ya rasa shi ne shaidar da za ta raba shi da ɓarawo, da ƙungiyar da za ta tsaya masa a gaban sikeli, da kuma wanda zai koya masa cewa tasar tagulla mai zane a kai ta Kasuwar Kurmi kafin a kai ta wajen guduma.

Da layi ya zo kaina ranar nan, Alhaji ya kara mayen ƙarfensa a jikin janaretona, ya manne, aka ɗaga shi da mutum biyu aka rataya. Ya faɗi kilo, ya faɗi kuɗi, na ƙara neman ɗari biyar ya ba ni, na ji na iya ciniki. Ina tsaye ina ƙirgawa yaransa biyu suka ja shi gefe da sifana da guduma. Kafin in sa kuɗin a aljihu sun buɗe cikinsa, sun zaro naɗin jan ƙarfen da ke ciki, jawur da shi kamar sabo, ɗayansu ya kai shi ɗaki ya kulle. Kabireto kuma wani bakanike da ke tsaye ya ce a ajiye masa, zai dawo bayan la'asar.